Darasi na Shida: Yanayi da Lokutan Shekara a Ƙasar da Take Nesa da Teku, Misali daga Haɗejiya da Jamhuriyar Nijar

Manufar Darasi

Wannan darasi zai yi bayanin dalilin da ya sa ƙasashen da suke can tsakiyar nahiya, nesa da teku, suke fama da tsananin zafi da bushewar iska da ƙarancin ruwan sama, kuma zai kafa misali da ƙasar Haɗejiya ta Jihar Jigawa da maƙwabciyarta Jamhuriyar Nijar. Ana sa ran idan ɗalibi ya kammala shi zai iya faɗin inda ruwan damina yake fitowa, ya jera lokutan shekara da aikin da ya dace da kowannensu, sannan ya gane abin da ya sa kogi yake cika ya yi ambaliya a daidai lokacin da ruwan sama ya fara ja da baya.

1. Ma'anar Yanayi da Yadda Ake Auna Shi

Kalmar yanayi tana ɗauke da ma'anoni biyu waɗanda masana labarin ƙasa suke rarrabewa. Ta farko ita ce halin da sararin sama yake ciki a wani yini ko wani mako, wato ko an tashi da rana, ko da hazo, ko da hadari, kuma wannan yana iya sauyawa tsakanin hantsi da la'asar. Ta biyu ita ce ɗabi'ar da aka san wani yanki da ita shekara da shekaru, wadda ba a tabbatar da ita sai an tara lissafin zafi da ruwa da iska na wajen shekara 30 an fitar da matsakaicinsu. Manomin da ya ce bana damina ta yi gardama yana magana ne a kan shekara guda, amma wanda ya ce ƙasar Haɗejiya ba ta kai ƙasar Zazzau samun ruwa ba ya taɓo ma'ana ta biyu, wadda ita ce jigon wannan darasi.

Ana auna ruwan sama da milimita, kuma milimita ɗaya daidai take da lita guda ta ruwa a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, da a ce ruwan bai nutse ba kuma bai gangare ba. Saboda haka idan aka ce an yi ruwa milimita 30 a dare ɗaya, to kowane ɗan fili mai wannan girma a cikin gona ya sha fiye da jarka guda mai cin lita 25. Zafi da sanyi kuma ana auna su da digiri a ma'aunin Salshiyas, wanda a kansa ruwa yake daskarewa a digiri 0, yake tafasa a digiri 100, jikin mai lafiya kuwa yake tsayawa a wajen digiri 37. Abu na uku shi ne laima, wato tururin ruwan da iska take ɗauke da shi, wanda ido ba ya gani amma ana ganin aikinsa, domin shi ne yake jiƙa gishiri a cikin kwano da damina, kuma rashinsa ne yake busar da wanki da hunturu tun kafin a gama shanya.

2. Abin da Nisa da Teku Yake Haifarwa

Ruwa da ƙasa ba su ɗaukar zafin rana iri ɗaya. Ƙasa, musamman rairayi, takan yi zafi da sauri ta kuma huce da sauri, shi ya sa yashin da ba ya takuwa da azahar yakan wayi gari da sanyi ƙalau, alhali ruwan tafki yakan daɗe bai yi ɗumi ba, idan kuma ya yi yakan daɗe bai huce ba. Teku, da yake shi ne mafi girman matattarar ruwa, yakan sassauta wa garuruwan da suke bakinsa zafin rana da sanyin dare, ya kuma cika iskarsu da laima. A Legas bambancin da ke tsakanin watan da ya fi zafi da wanda ya fi sanyi bai wuce digiri 3 zuwa 4 ba, amma a Haɗejiya, wadda take da nisan fiye da kilomita 800 daga gaɓar teku mafi kusa, bambancin yakan kai wajen digiri 10, kuma a yini guda na hunturu akan sami tazarar digiri 15 ko fiye tsakanin asuba da azahar. Wannan hali na faɗin tazara tsakanin zafi da sanyi, tare da bushewar iska, shi ake kira yanayin tsakiyar nahiya.

Jamhuriyar Nijar tana cikin ƙasashe 16 na Afirka da ba su da gaɓar teku ko kaɗan. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, kuma ƙasashe bakwai ne suka kewaye ta, wato Najeriya da Benin da Burkina Faso da Mali da Aljeriya da Libiya da Cadi, sannan mafi yawan ƙasar hamada ce. A ƙasashen da suka haɗa nisa da teku da kusanci da ƙuryar arewacin duniya, irin su Mongoliya da Kazakistan, wannan yanayi yakan bayyana ne ta hanyar sanyi mai kisa, har a birnin Ulan Bato na Mongoliya matsakaicin watan Janairu yakan sauka zuwa digiri 20 ƙasa da sifili ko fiye. A Nijar kuwa, da yake rana tana tsayawa bisa kai a wani ɓangare na shekara, ya fi bayyana ta hanyar zafi da ƙishin ruwa.

Sai dai ya kamata a lura cewa rashin gaɓar teku magana ce ta iyakokin mulki, yanayi kuwa nisa da tudu da iska ne suke tsara shi. Yuganda ba ta da teku, amma tana samun ruwa mai yawa saboda tuddanta da Tafkin Biktoriya. Najeriya tana da teku, amma mutumin Haɗejiya ko Maigatari ya fi kusa da mutumin Damagaram a wajen yanayi nesa ba kusa ba a kan mutumin Fatakwal, domin iskar da take kaɗa su ɗaya ce, kuma ba ta tsayawa a shingen kan iyaka.

3. Iskoki Biyu Masu Juya Shekara

Dukkan lokutan shekara a ƙasar Hausa sun rataya ne a kan iskoki biyu da suke karɓa-karɓa. Ta farko busasshiya ce, tana tasowa daga Sahara ta ɓangaren arewa maso gabas, kuma ita ce iskar hunturu. Ta biyu tana tasowa daga Tekun Atlantika ta ɓangaren kudu maso yamma, ɗauke da laima, kuma ita ce uwar damina. Wurin da iskokin biyu suke karo ana kiran sa magamar iska, kuma wannan magama ba ta zama wuri ɗaya, sai dai ta riƙa bin rana. A watan Janairu tana can kusa da gaɓar teku, daga nan ta riƙa hawowa arewa sannu a hankali har ta kai cikin hamadar Nijar a watan Agusta, sannan ta koma kudu da sauri fiye da yadda ta zo. Ruwa mai ƙarfi ba ya sauka sai magamar ta wuce gari da nisa, lokacin da iskar teku ta yi kaurin da za ta iya gina hadari.

Daga wannan tafiya da dawowa ne ake gane dalilin da ya sa ruwa yake raguwa yayin da aka nausa arewa, domin garin da ya fi kusa da teku shi iskar take fara riska, kuma shi take bari a ƙarshe. Fatakwal tana samun fiye da milimita 2,000 a shekara, Kano wajen 800, Haɗejiya wajen 600, Damagaram wajen 400, Agadas ba ta kai 200 ba, a Bilma kuwa, garin gishiri da dabino, abin da ake samu a shekara bai kai ruwan dare ɗaya na Haɗejiya ba. A cikin Nijar kanta, Gaya da ke ƙuryar kudu tana samun wajen milimita 800, kuma saboda wannan bambanci ne gwamnatin ƙasar ta kafa doka a 1961 wadda ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya.

Akwai wani abu da yakan rikitar da mai lura, wato ganin cewa hadari daga gabas yake haɗowa alhali an ce laima daga kudu maso yamma take zuwa. Bayanin shi ne, iskar teku ƙasa-ƙasa take bi, a can samanta kuwa akwai wata iska mai ƙarfi da take kaɗawa daga gabas zuwa yamma, kuma idan zafin rana ya ɗaga laima sama ta zama gajimare, wannan iska ta bisa ce take kora shi yamma. Shi ya sa da la'asar gabas takan yi baƙi ƙirin, iska mai ƙura ta riga ruwa isowa tana kwashe jinka da kwanon rufi, sannan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya na sa'a ɗaya ko biyu ya wuce. Irin wannan hadari ba ya raba ruwa daidai, don haka wani ƙauye yakan yi shuka alhali maƙwabcinsa na nan kusa bai ga ɗigo ba.

4. Lokutan Shekara Huɗu

Bahaushe ya raba shekara gida biyu manya, damina da rani, sannan ya ƙara rarraba ta zuwa bazara da damina da kaka da hunturu.

*Bazara* tana kamawa daga Maris zuwa Mayu, kuma ita ce mafi zafi, domin sanyin hunturu ya janye, gajimare bai zo ba, rana kuma tana dukan busasshiyar ƙasa kai tsaye. A Afrilu da Mayu zafin rana a Haɗejiya yakan haura digiri 40, kuma wajen ƙarshen Afrilu rana takan tsaya daidai bisa kai da tsakar rana, har inuwar sanda da aka kafa a tsaye ta kusa ɓacewa. A wannan lokaci rijiyoyi suna ja, abincin dabbobi yana ƙarewa, kuma cutar sanƙarau, wadda takan taso tun cikin hunturu, takan yi ƙamari inda ake kwana a cunkushe a ɗaki marar taga. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 ne suka kamu da ita a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma sanannen abu ne cewa cutar takan lafa da zarar ruwa ya sauka. Aikin manomi a bazara shi ne sharar gona da kai taki, wasu kuma sukan yi binne, wato su shuka gero a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari. Idan iska ta juya ta fara zuwa daga kudu, dare ya yi gumi, shamuwa ta dawo ta fara gyara sheƙarta a kan itatuwan gari, to an san damina ta ƙarato.

*Damina* a Haɗejiya takan kankama a watan Yuni ta ƙare a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kuma mafi yawan ruwan shekara a Yuli da Agusta yake sauka. Farkonta shi ne mafi haɗari ga manomi, domin ruwan fari yakan yaudari mai gaggawa ya yi shuka, sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku tsiro ya ƙone, a koma neman wani iri. Saboda haka manomi yakan tona ƙasa ya ga zurfin da danshi ya kai, masana aikin gona na yankin Sahel kuma sukan ɗauki ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana uku a matsayin ruwan shuka, muddin dogon fari bai biyo bayansa ba. Gero ya dace da wannan gajeriyar damina saboda yakan nuna cikin wata uku, dawa kuwa ta fi shi daɗewa a gona, don haka akan ba ta ƙasar da ta fi riƙe ruwa. Tsakiyar damina ita ce marka, lokacin da akan wuni ana yayyafi, ginin ƙasa ya jiƙe ya riƙa zubewa, sauro ya yawaita, zazzaɓi ya kwantar da yara. Wajen 20 ga Agusta rana takan sake tsayawa bisa kan Haɗejiya kamar yadda ta yi a Afrilu, amma duk da haka Agusta tana cikin watanni masu sauƙin zafi, saboda gajimare ya tare hasken rana, kuma zafin da ya sauko yana ƙarewa ne wajen busar da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

*Kaka* tana zuwa daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. A farkonta akwai ɗan lokacin zafi mai gumi da ake kira agazari, wanda yake faruwa saboda gajimare ya yaye amma laima ba ta gama fita daga iska ba, kuma raɓar da take sauka da dare a wannan tsakani tana taimaka wa wake da dawa su ƙarasa nuna. Lokaci ne na girbi da cika rumbu, kuma farashin hatsi yakan faɗi a kasuwa, sai dai shi ne kuma lokacin da aka fi samun saɓani tsakanin manoma da makiyaya, idan shanu suka gangaro daga arewa suna neman fadama tun ba a gama kwashe amfanin gona ba.

*Hunturu*, wanda ake kuma kira ɗari, yana kamawa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hamada ta karɓe sararin sama gaba ɗaya. Da asuba sanyi yakan sauka zuwa wajen digiri 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da haka idan jaura ta yi tsanani, domin babu gajimare ko laimar da za su riƙe zafin da ƙasa ta tara da rana. Hazon da yake rufe gari ƙura ce mai laushi, kuma babban tushenta shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, wanda busasshen gindin wani tsohon tafki ne, inda iska take kwasar ƙasa ta kai ta har gaɓar teku da ƙetarenta. Wannan ƙura tana kawo mura da tari da ciwon ido, takan hana jiragen sama sauka idan ta yi kauri, amma kuma idan ta kwanta a gona tana ƙara wa ƙasa ɗan ƙarfi. Bushewar iska ce take kawo kaushi da faso da tsagewar leɓe, kuma ita ce take sa gobara saurin yaɗuwa a kasuwanni da gidajen kara. A tudu aikin gona ya tsaya, matasa da yawa sun tafi cin rani, amma a fadama yanzu aka fara, domin alkama ba ta yin kyau sai da sanyi, shi ya sa ake so a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, a girbe ta kafin zafin bazara ya tsananta.

5. Kogin Haɗejiya: Ruwan da Aka Yi a Wani Wuri

Abin da ya bambanta Haɗejiya da garuruwan tudu masu samun ruwan sama daidai da nata shi ne kogi. Idan aka kwatanta ruwan da sama take bayarwa da wanda rana da iska za su iya ƙafarwa a shekara, na biyun ya ninka na farkon aƙalla sau uku, don haka da ruwan sama kaɗai aka dogara da shi, da babu fadama mai riƙe ruwa har cikin rani. Ruwan fadamar Haɗejiya baƙo ne, an yi shi ne a tuddan kudu da yammacin Jihar Kano inda damina ta fi tsawo, ya biyo Kogin Kano da Kogin Challawa, waɗanda suke haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗejiya. Da kogin ya shigo shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Jigawa sai gudunsa ya ragu, ya tarar da tsofaffin tuddan rairayi waɗanda iska ta jera dubban shekaru da suka wuce lokacin da hamada ta kawo har nan, kuma sun miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, wato hanyar da iskar hunturu take bi har yau. Irin wannan ƙasa mai rairayi ita ake kira jigawa, kuma daga gare ta jihar ta samo suna lokacin da aka ƙirƙire ta a 1991. Tsakanin waɗannan tuddai ne kogin yake rarrabuwa ya malala, wani reshe ya bi mashigar Marma zuwa Tafkin Nguru, abin da ya rage kuma ya haɗu da na Kogin Jama'are, mai tasowa daga tuddan Jos, su zama Kogin Yobe wanda yake bin iyakar Najeriya da Nijar zuwa Tafkin Cadi.

Da yake ruwan yana ɗaukar lokaci kafin ya taru ya yi wannan tafiya, kogi ba ya kai maƙurar cikarsa a Haɗejiya sai ƙarshen Agusta zuwa Satumba, fadamun da ke ƙasa da ita kuwa sukan kai Oktoba suna cike. Ta haka mutumin fadama yake da lissafi biyu, na sama da na kogi. Yakan shuka shinkafa da ruwan sama don ta yi tsayin da ruwan kogi ba zai shanye ta ba idan ya iso, kuma yayin da ruwan yake janyewa yakan bi sawunsa da wake da sauran shuke-shuken da danshin ƙasa yake isar su. Masunta sun san kifi yana bin ambaliya ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, sannan idan ruwa ya ja ya taru a tafkuna, lokacin ne tarwaɗa da karfasa suke cika kasuwar kifi ta Haɗejiya, gaiwa kuwa ta shige cikin taɓo ta kwanta har wata damina. Daga Nuwamba zuwa Maris tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai sukan sauka a dausayin Baturiya na Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, wanda aka sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008.

Wannan tsari ya sauya bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, waɗanda Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are take kula da su. Madatsun sun samar da ruwan sha ga Kano da ruwan noman rani a wurare irin su Kadawa da Auyo, amma sun rage faɗin ambaliyar shekara-shekara da fadama ta saba da ita, kuma sun sa ruwa yana gudana a kogi har da rani. Rashin bushewar hanyoyin ruwa ya ba ciyawar kachalla damar yaɗuwa, ta toshe mashigai, ta karkatar da ruwa zuwa gonaki da gidaje, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero.

6. Fari da Ambaliya

Matsakaicin ruwan shekara lissafi ne kawai, domin a ƙasar da take bakin iyakar da iskar teku take kaiwa, da wuya shekara biyu su zo iri ɗaya. Idan iskar ta yi rauni ko ta makara sai a shiga fari, wato ɗaukewar ruwa a lokacin da shuka take buƙatarsa. Tarihi ya riƙe yunwar 1913 zuwa 1914 da aka yi wa laƙabi da Kakalaba, sannan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, waɗanda suka hallaka dabbobi masu ɗimbin yawa, suka kuma koro jama'a daga Nijar zuwa garuruwan arewacin Najeriya. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a tsakiyar shekarun 1980. Wannan masifa ce ta sa ƙasashen Sahel suka kafa kwamitin yaƙi da fari na CILSS a 1973, da cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET a Yamai a 1974.

Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan farfaɗo, amma binciken masana ya nuna cewa manyan hadura masu juye ruwa mai yawa a lokaci guda sun ƙaru a yankin Sahel, kuma hakan yana da nasaba da ɗumamar duniya. A 2020 da 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗejiya da Guri da Kiri Kasamma, inda jama'a suka riƙa kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa don kada ruwa ya ɓalle cikin gari, kuma a 2022 mutum fiye da 600 ne suka rasu a faɗin Najeriya. Ɗaya daga cikin hanyoyin rage illar fari da aka ga amfaninta ita ce wadda manoman Maraɗi da Damagaram suka runguma tun daga shekarun 1980, wato barin itatuwan da suka tsiro da kansu a gona su girma ana yi musu sassabe, musamman gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar wa shuka haske, ya kuma yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci.

7. Lissafin Lokaci da Hasashen Yanayi

Lokutan shekara rana suke bi, shi ya sa ba a ɗora lissafin noma a kan watannin Musulunci, waɗanda shekararsu ta gaza ta rana da wajen kwana 11. Azumin 2011 ya faɗo ne a Agusta, tsakiyar marka, na 2024 kuwa ya faɗo daga Maris zuwa Afrilu, cikin zafin bazara. Saboda haka tun da daɗewa malamai suke riƙe wa manoma lissafin taurari 28, kowanne da kwana 13 in ban da ɗaya mai kwana 14, wanda ya cika kwana 365, kuma daga cikin taurarin damina akwai Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha. Wannan lissafi yana nuna lokacin da aka saba samun ruwa, amma ba ya faɗin yadda damina ta bana za ta kasance. Wannan aiki na biyu shi ne na Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda aka kafa a 2003, kuma a farkon kowace shekara take fitar da hasashen lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa da yawansa, yayin da hukumar nazarin ruwa ta ƙasa, NIHSA, take bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya ta fi yi wa barazana. Hasashe kirdado ne da aka gina a kan awo, yana iya kuskure, amma manomin da ya haɗa shi da abin da ya gada na sanin ƙasarsa ya fi wanda ya riƙe ɗaya ya yar da ɗaya.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ma'anoni biyu na kalmar yanayi?
2. Me ya sa tazarar zafi da sanyi ta fi faɗi a Haɗejiya a kan Legas?
3. Me ya sa hadari yake haɗowa daga gabas alhali laima daga kudu maso yamma take zuwa?
4. Me ya sa Afrilu ta fi Agusta zafi, bayan kuwa a duka watannin rana tana tsayawa bisa kai?
5. Ta yaya madatsun Tiga da Challawa suka sauya rayuwar mutanen fadama?

Aikin Gida

Ana buƙatar kowane ɗalibi ya sami gwangwani wanda faɗin bakinsa daidai yake da na gindinsa, ya kafa shi a fili nesa da itace da indararo, sannan bayan kowane ruwa ya auna zurfin abin da ya taru da rula, ya rubuta kwanan wata da yawan milimita a littafi, ya zubar da ruwan. Wanda yake zaune kusa da kogi kuma ya kafa sanda mai alama a bakin ruwa, ya riƙa rubuta inda ruwa ya kai kowace Juma'a daga Yuli zuwa Oktoba. Idan kaka ta yi, a kawo littattafan aji a kwatanta na ƙauyuka daban-daban, a ga makonni nawa ne tsakanin ruwa mafi yawa da cikar kogi. Mazaunin fadama da ya san wannan tazara ya san lokacin da zai gyara jinga, ya yashe magudana, ya kwashe hatsinsa zuwa tudu tun ruwa yana Wudil, domin ba a fafe gora ranar tafiya.